Ma'aunin Murya da Kunnen Malami

Jawabin da Kwamitin Harshe da Adabi na wannan reshe ya gabatar a taron malamai na ƙarshen zango

 

Da yawa daga cikinku sun san dalilin tsayuwarmu a nan, amma za mu maimaita shi saboda waɗanda labarin bai kai gare su ba. A gasar waƙa ta makarantun shiyyarmu da aka yi a zangon da ya wuce, wata yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta rera waƙar gaɗa da ta koya a wurin kakarta. Babu kiɗa, babu amshi, ita kaɗai a tsaye. Da ta dire, zauren ya kaure da tafi. To amma ɗaya daga cikin alƙalan gasar yana riƙe da wayarsa, ya buɗe wata manhaja mai nuna ko murya ta hau daidai ko ta kauce, kuma tun daga farkon waƙar har ƙarshenta allurar manhajar ba ta zauna a tsakiya ba. Ya nuna wa sauran alƙalai, aka rage wa yarinyar maki, ta faɗo daga ta ɗaya zuwa ta huɗu.

Malamarta ta kawo kuka ga wannan reshe. Ta ce kofin bai dame ta ba. Abin da ya hana ta barci shi ne yarinyar ta ce ba za ta ƙara buɗe baki a gaban jama'a ba, tunda na'ura ta ce ba ta iya ba.

Ba mu zo don mu ga laifin wancan alƙali ba. Abokin aikinmu ne, kuma ya ɗauko wayar ne don neman adalci, domin shekara da shekaru ana zargin alƙalan gasa da son kai. Reshe ya ɗora mana nauyin bincika waɗannan manhajoji, mu malaman Hausa uku da malamin Fiziks da malamin kwamfuta. Mun yi zango guda muna gwaji, kuma ga abin da muka samo.

Me ake aunawa?

A ajin Hausa muna koya wa ɗalibai cewa a maƙogwaro akwai tantanin maƙwallato, wanda idan iska ta taso daga huhu ta bi ta tsakaninsa sai ya riƙa karkarwa, abin da muke kira ziza. Kowa ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ja wasalin “a” zai ji ta. Wannan karkarwa buɗewa da rufewa ce da ke maimaituwa da saurin da ido ba ya iya bi. Idan ta yi sauri murya ta yi kaifi, idan ta lafa murya ta yi kauri. A maganar yau da kullum, tantanin babban namiji yakan kaɗa kamar sau 100 zuwa 150 a daƙiƙa ɗaya, na mace kamar sau 200 zuwa 250, na ƙaramin yaro kuwa yakan kai wajen 300. A waƙa adadin kan haura haka nesa, balle kuma guɗa. Masana kimiyya suna kiran wannan ma'auni na kaɗawa a daƙiƙa da sunan Heinrich Hertz, wani masanin Jamus na ƙarni na 19.

Duk manhajar da ake magana a kanta, aikinta ɗaya ne: ta saurari muryar da aka naɗa, ta ƙiyasta sau nawa tantanin yake kaɗawa a kowane ɗan taƙi na lokaci, sannan ta zana layi a allo, ya hau idan murya ta yi kaifi, ya sauka idan ta yi kauri. Muna roƙon a riƙe kalmar “ƙiyasta”, domin masu ƙera manhajojin da kansu ita suke amfani da ita. Manhaja ba ta ganin maƙogwaro. Sawun da murya ta bari a iska take bi, kamar mai bin sawun dabba a rairayi.

Yadda take gano kaifin murya

Kwamfuta takan mayar da sauti jerin lambobi. A faifan CD, misali, ana ɗebo lamba 44,100 a kowace daƙiƙa. Sai manhaja ta yanyanka wannan jeri gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ba ta wuce ƙiftawar ido ba, ta nemi inda zubin sautin yake maimaita kansa.

Malamin Fiziks ɗinmu ya fahimtar da mu da misalin atamfa. A ɗauki yadi biyu masu zane iri ɗaya, a shimfiɗa ɗaya a kan ɗaya, fure a kan fure. A riƙa jan na sama a hankali. Da farko furannin za su saɓa, amma idan aka ci gaba da ja za a zo inda furen sama zai sake hawa kan furen ƙasa na gaba. Tazarar da aka ja ita ce tsawon zanen. Haka manhaja take yi wa sauti: ta kwafe shi, ta ja kwafin a kan na asali har su sake dacewa. Idan sun dace bayan kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, to muryar tana kaɗawa sau 200 a daƙiƙa.

Neman ganin murya da ido ya girmi kwamfuta. A 1928 Milton Metfessel na Jami'ar Iowa ya wallafa littafi a kan waƙoƙin baƙaƙen fatar kudancin Amurka, inda ya ɗauki hoton igiyar sautin mawaƙa ya zana hawa da saukar muryoyinsu, saboda rubutun kiɗa na Turawa ya kasa ɗaukar lanƙwasar da suke yi. A shekarun 1950 Charles Seeger ya jagoranci ƙera wata na'ura a Kalifoniya mai zana karin waƙa a kan takarda, shi ma don nazarin waƙoƙin gargajiya. Ashe ke nan tun asali an nemi wannan ma'auni ne don a ga abin da mawaƙi ya yi, musamman wanda bai bi tsarin Turawa ba.

Daga cikin manhajojin yau, mun gwada waɗanda ake samu kyauta. Akwai Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suke ginawa tun farkon shekarun 1990, kuma ita ce masana tsarin sauti suka fi dogara da ita. A 2002 Alain de Cheveigné da Hideki Kawahara, Bafaranshe da Bajapane, suka fito da wata dabara mai suna YIN, wadda ta rage kurakuran tsohuwar hanyar jan kwafi. A 2014 Matthias Mauch da Simon Dixon na Jami'ar Queen Mary ta Landan suka inganta ta zuwa pYIN. Maimakon ta yanke hukunci a kan kowace gunduwa ita kaɗai, sai ta tara amsoshi da dama, sannan ta zaɓi hanyar da ta fi kama da yadda muryar mutum take tafiya. A kanta aka gina manhajar Tony, wadda aka yi musamman don rubuta karin waƙar murya guda, kuma tana bai wa mai aiki damar gyara kuskurenta da hannu. A 2018 wasu masu bincike a Jami'ar New York suka fito da CREPE, wadda ba ta bin hanyar atamfa. Ita ƙirƙirarriyar basira ce da aka horar da ɗimbin sautuka waɗanda an riga an san kaifinsu, har ta koyi ganewa.

Inda take tuntuɓe

Kuskure na farko yana cikin misalin atamfar nan. Idan aka ja yadin sama tsawon fure biyu, zanen zai sake dacewa. Saboda haka wani lokaci manhaja takan tsallake dacewar farko ta kama ta biyu, sai ta ce muryar da ke kaɗawa sau 300 tana kaɗawa sau 150. Wani lokaci kuma ta ninka adadin. A allo sai a ga layin ya faɗa rami ko ya yi tsalle, alhali mawaƙi bai motsa ba. Mun ga wannan sau da yawa a muryoyin yara mata, musamman idan ba a gaya wa manhajar iyakar ƙasa da ta sama da za ta nema ba, domin iyakokin da wasu suke zuwa da su an tsara su ne don magana.

Na biyu, baƙaƙe marasa ziza irin su “s” da “sh” da “t” da “k” da “ƙ” da “ts” ba su da kaifin da za a auna, don haka layin yakan yanke a kansu. Kunne yana cike giɓin ba tare da mun sani ba, manhaja kuwa ko dai ta bar shi ko ta cike shi da ƙarya. Baƙaƙenmu na “ɓ” da “ɗ” da “'y” suna matse maƙwallato, kaɗawar ta rikice na ɗan lokaci, layin ya yi zigizaga.

Na uku, hayaniya. Janareta da fanka suna da nasu amon da ke maimaituwa daidai wa daida, kuma manhaja ba ta san cewa janareta ba ɗalibi ba ne. Akwai ranar da muka sami layi miƙaƙƙe sambal mai ban sha'awa, da muka bincika ashe injin niƙan maƙwabta muka auna.

Na huɗu shi ne mafi girma a wurinmu. Yawancin waɗannan manhajoji an yi su ne don murya guda. Waƙar baka ta Hausa kuwa ba kasafai take tafiya ita kaɗai ba. Akwai 'yan amshi da ke shigowa kafin jagora ya dire, akwai maroƙi da ke ratsa waƙar da kirari, ga kuma kayan kiɗa. Kalangun Mamman Shata da kotson Musa Ɗanƙwairo ganguna ne masu magana, makaɗi yana matse tsarkiya amon ya hau, ya saki ya sauka. Kuntigin Ɗanmaraya Jos shi ma kari yake bi. Idan aka ba manhaja irin wannan faifai, sai ta bi mawaƙi na ɗan lokaci, ta koma kan kalangu, ta dawo kan amshi, ta haɗa duka a layi ɗaya. Akwai waɗanda aka ƙera don tsamo muryar jagora daga cikin kiɗa, kamar Melodia ta Justin Salamon da Emilia Gómez da ta fito daga Basalona a 2012, da wasu na baya-bayan nan masu raba murya da kiɗa. Suna taimakawa, sai dai akasarin waƙoƙin da aka gwada su ko aka horar da su a kai na Turai da Amurka ne, don haka sai an sa kunne a kan abin da suka fitar.

Na biyar ya shafi tsofaffin kaset-kaset. Idan rikoda ta fi ƙa'ida sauri da kashi 6 cikin 100 kacal, dukkan waƙar za ta hau da kusan mataki guda na fiyano. Wanda ya auna kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi, da batir mai rauni, ya ce ga kaifin muryar Narambaɗa, to rikoda ya auna.

Ma'auni daban, hukunci daban

Duk waɗannan kurakurai ana iya rage su da kula. Amma ko da manhaja ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, akwai sauran magana, kuma ita ce zuciyar wannan jawabi.

Manhajar da aka yi amfani da ita a gasarmu ba ta tsaya ga aunawa ba. Bayan ta auna, sai ta gwada abin da ta samu da wani tsani da aka dasa mata, ta ce an hau ko an kauce. Wannan tsani na fiyano ne. A tsarinsa, daga kowane amo zuwa ninkinsa, wato daga 220 zuwa 440 misali, an raba tazarar zuwa matakai 12 masu faɗi ɗaya, kuma an kafa tsanin a kan 440. Wannan lamba yarjejeniya ce da aka cimma a ƙarni na 20, wadda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta tabbatar a 1975, domin makaɗa daga ƙasashe daban-daban su iya kiɗa tare. Abu ne mai amfani ga masu shi, amma mutane ne suka zauna suka tsara shi.

Tun a 1885 wani Baturen Ingila, Alexander Ellis, ya auna kayan kiɗan al'ummu da dama, daga Larabawa zuwa Indiya da Jawa da Sin da Japan. Shi ne ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira sent, inda ake raba kowane mataki gida 100, ninki guda ya zama 1200. Abin da ya gano shi ne tsanin kiɗa ba ɗaya ba ne a duniya, kuma na Turawa ba shi ne na halitta ba. Magabatanmu sun riga sun faɗa a taƙaice, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Har a cikin Turawan ma, Carl Seashore, malamin Metfessel, ya nuna da ma'auni cewa gwanayen mawaƙansu ba sa zama cak a kan amon da aka rubuta musu. Sukan ɗan kauce su dawo, kuma a cikin wannan kaucewa daɗin yake.

Yanzu mu koma ga yarinyarmu. Allah ya sa malamarta ta naɗi waƙar a waya. Da izinin iyayenta muka sa ta a Praat da Tony, muka gyara inda layin ya yi tsalle, muka zauna muna kallo muna saurare. Abu uku muka gani.

Da farko, ta ɗauki waƙar ne a tsakanin matakai biyu na fiyano. Wannan ba laifi ba ne, domin babu wanda ya kaɗa mata amon farawa, kuma kakarta ba ta taɓa ɗaukar waƙa daga fiyano ba. Wanda ya fara a tsakanin matakai biyu kuma ya riƙe waƙarsa da kyau, dole kowane amo nasa ya faɗa tsakanin matakai. Wato tsayuwarta a kan karinta ita ce ta hana allurar zama a tsakiya.

Na biyu, da muka jera baitocin muka kwatanta, sai muka ga inda take direwa a baitin ƙarshe nan ne inda ta dire a baitin farko, bambancin bai kai abin da kunne zai kama ba. Duk wanda ya taɓa koyar da waƙa ya san cewa yaro mai waƙa ba kiɗa yakan zame ƙasa a hankali yayin da numfashi ke ƙarewa. Ita ba ta zame ba.

Na uku, wuraren da manhajar wayar ta fi nuna kauce su ne inda take zamo da murya daga sama zuwa ƙasa a kan gaɓa ɗaya. Da muka duba kalmomin, da yawansu gaɓoɓi ne masu karin faɗuwa. Hausa take rerawa, kuma Hausar ce ta nemi haka.

Wannan batu na ƙarshe yana buƙatar ƙarin bayani. Harshenmu mai karin sauti ne. Kuka na hawaye da kuka ta miya kari ne ya raba su, haka wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha. Saboda haka mawaƙin Hausa yana tafiya ne da kari biyu, na waƙa da na kalma, yana sulhunta su. Masana sun daɗe suna nazarin wannan sulhu. A 1972 Paul Richards ya wallafa bincike a kan dangantakar karin kalma da karin rerawa a wata waƙar Hausa, William Leben kuma ya sake duba batun a 1983. Manhajar da ta san tsanin fiyano kaɗai ba ta da labarin wannan sulhu.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu lura da shi. A 1997 wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, wanda ya taɓa aikin nazarin sauti don neman man fetur a ƙarƙashin ƙasa, ya fito da Auto-Tune. Ita ma ƙiyasta kaifin murya take yi, amma sai ta ƙara da janyo muryar ta ɗora ta a kan matakin fiyano mafi kusa. Ta yi suna a duniya da wata waƙar Cher ta 1998, kuma yau duk mai sauraron waƙoƙin finafinan Hausa ya san amonta. Ba mu zo sukar waɗannan waƙoƙi ba, salo ne kuma yana da masoyansa. Amma yaranmu suna tashi da muryar da na'ura ta miƙar a kunnensu. Idan kuma a makaranta muka sa wata na'urar ta riƙa hukunta su da wannan tsani, to mun haɗu mun gaya musu cewa rerawar kakanninsu kuskure ce. Cikin 'yan shekaru za su daina lanƙwasa murya, kuma babu wanda zai iya cewa ga ranar da abin ya ɓace.

Inda za ta amfane mu

Kada a fahimce mu da cewa a jefar da waɗannan manhajoji. Mun same su da amfani ƙwarai idan aka ajiye su a matsayinsu.

Kowane malamin Hausa ya san wahalar koyar da karin sauti. Yaro yana furta kalma daidai tun yana goye, amma a ce ya nuna gaɓar da ke sama da wadda ke ƙasa sai ya rikice, domin bai taɓa raba kari da kalma a tunaninsa ba. Mun gwada a azuzuwanmu: ɗalibi ya furta “kai” na nuna mutum da “kai” na jiki, ajin ya ga layi ɗaya a miƙe a sama, ɗaya kuma ya gangaro. Ya furta wuya biyun nan, a ga ɗaya ta sauka ɗaya ta hau. Abin da muke kwana uku muna bayani sai ga shi an kama a darasi ɗaya. Haka nan ana iya nuna yadda murya take gangarowa a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta, har karin sama na ƙarshe ya kasa kai na farko, da yadda jimlar tambaya take ɗaga ƙarshenta. Bayan an gani sau biyu ko uku, sai a rufe kwamfutar a koma ga kunne, domin a ɗakin jarrabawa babu allo.

Malamin Fiziks ma ya sami abin koyar da igiyar sauti da muryar ɗalibansa, maimakon zane a allo da alli.

Sannan ga taskar da ke hannun tsofaffinmu. Waƙoƙin gaɗa da na daka da na niƙa da na reno da na tashe, yawancin waɗanda aka rubuta a littattafai kalmominsu kawai aka rubuta, karin ya tsaya a bakin masu shi. Irin waɗannan waƙoƙi, da yake sau da yawa murya guda ce ba kiɗa, su ne manhajar ta fi iya bi. Idan ƙungiyoyin Hausa na makarantunmu suka naɗi tsofaffi a ɗaki marar hayaniya, suka ajiye muryar tare da kalmomin da zanen karin, to mun bar wa na baya abin da za su koya su kuma kwatanta. Muryar ita ce asali, zanen kuwa ɗan rakiya ne, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Shawarwarinmu ga reshe

Na ɗaya, kada a yi amfani da kowace manhaja wajen ba da maki ko rage shi a gasar waƙa ko karatu. Damuwar son kai gaskiya ce, amma maganinta shi ne a rubuta ƙa'idojin hukunci a fili kafin gasa, a kawo alƙalai daga wajen makarantun da ke takara, a kuma sa wanda ya san irin waƙar da ake rerawa a cikinsu.

Na biyu, malamin da zai yi amfani da ita a aji ya zaɓi mai nuna layin murya yadda yake, ya guji mai cewa daidai ko kuskure. Ya saita iyakokinta gwargwadon muryar yara, kuma duk inda layi ya saɓa wa abin da kunnensa ya ji, ya sake saurare kafin ya gaskata allo.

Na uku, muryar yaro amana ce. Kada a naɗe ta sai da sanin iyaye da shugaban makaranta, kada a watsa ta a zaurukan WhatsApp, kuma a yi hattara da manhajojin waya da ke tura abin da aka naɗa zuwa intanet. Praat da Tony suna aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma ta ba bayanan yara kulawa ta musamman.

Na huɗu, reshe ya shirya bita ta yini ɗaya ga malaman harshe da na kimiyya. Mu a shirye muke mu koyar da ɗan abin da muka koya, kuma kwamfuta ɗaya ta isa makaranta ta fara.

Na biyar, muna roƙon kwamitin gasa ya rubuta wa yarinyar nan takarda ta hannun makarantarta. Ba mu nemi a karɓe kofi daga hannun kowa ba, waɗanda suka ci yaranmu ne su ma. A dai gaya mata gaskiyar abin da aka gano. Muna farin cikin sanar da ku cewa abokin aikinmu da ya riƙe wayar ya zauna da mu ya ga zanen, kuma shi ne ya fara cewa zai sa hannu.

'Yan uwa malamai, mun saba cewa gani ya kori ji, kuma a wurare da yawa haka ne. Amma waƙa don ji aka yi ta. Ranar gasar, zaure guda na malamai da iyaye da ɗalibai sun ji yarinyar nan sun san ta iya, sai allura ɗaya a allon waya ta sa muka ƙaryata kunnuwanmu. Irin waɗannan na'urori za su ci gaba da shigowa makarantunmu, yau a kan waƙa, gobe a kan karatu da insha'i. Duk wadda ta zo, mu tambaye ta abu biyu: me take aunawa, kuma da tsanin wa take gwadawa? Idan mun sami amsa, mu karɓi ma'aunin mu yi aiki da shi, hukuncin kuwa ya zauna a hannun malamin da ya san yaron, ya san harshen, wanda kuma za a tambaya gobe.